Gayya da Rumbu: Nazari a kan Yadda Aka Tara Tarihin Jihadi Tun Daga Sifawa da Boɗinga

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗora wa bayinSa amanar tantance labari kafin aiki da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Manomin ƙasar Hausa ya san gayya. Mai gona zai yi kira, samari su fito da kayan aikinsu, makaɗa su zuga su, a sha fura a watse, amfanin gonar kuwa rumbun mutum ɗaya zai shiga. Babu mai kiran wannan zalunci, domin gobe gonar wani za a nufa, a rama wa kowa guminsa. Amma idan abin da aka taru a kansa labari ne ba dawa ba, to ramuwa ba ta cika yiwuwa, saboda mai rumbu shi kaɗai ke yanke hukuncin abin da yake tsaba da abin da yake ƙaiƙayi, kuma abin da ya sheƙe ya zubar iska ce ke tafiya da shi.

A yau an wayi gari wayar hannu ta sauƙaƙa irin wannan gayya. Ana tara tarihin garuruwa da na malamai a Facebook da WhatsApp da Wikipedia ta Hausa, kowa yana jefa abin da ya ji, ana kuma kafa hujja da cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wannan maƙala tana ganin cewa yawan masu kawo labari ba ya zama hujja sai an san hannun da ya tace shi, kuma babu inda ɗalibin ilimi zai ga haka a fili kamar a littattafan tarihin jihadi da aka rubuta a shekarun da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, Allah Ya yi musu rahama.

Shekarun alƙalami

Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, Shehu ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815. Malam Abdullahi ya sauka a Boɗinga, ɗan taƙi kaɗan daga nan, shi kuwa Muhammadu Bello yana ta ginin Sakkwato tun 1809. A cikin waɗannan shekaru ne Bello ya kammala Infaƙul Maisuri (1227/1812), Malam Abdullahi kuma ya kammala Tazyinul Waraƙati (1228/1813). Ya kamata mai karatu ya lura cewa a 1812 ɗin nan ne Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Ke nan an rubuta labarin wanda ya yi me a fagen fama a daidai lokacin da ake rabon ƙasa da muƙamai, lokacin da irin wannan labari yake da nauyi a kan ma'auni.

Infaƙul Maisuri aikin gayya ne, ko da yake sunan mutum ɗaya ke kansa. Bello ya siffanta ƙasashe masu nisa irin su Bagarmi da Wadai da ƙasar Yarbawa, waɗanda bai taka ba, sai abin da matafiya da fatake da malamai suka kawo masa. Ya ɗebo tarihin wasu malaman Tukururu daga rubuce-rubucen Ahmad Baba na Tambutu. Ya shigar da wa'azin Shehu, da waƙoƙin baffansa, da wasiƙun da aka yi musanya da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno. Yaƙe-yaƙen da ya halarta ya ba da su da idonsa, waɗanda bai halarta ba kuwa daga bakin mayaƙa ya ji. Sau da yawa ba a ambaci sunayen waɗannan bakuna ba. Ba laifi ne da ya keɓanci Bello ba, haka al'adar rubutun tarihi take a wurare da yawa, amma sakamakon shi ne ɗaruruwan muryoyi sun narke sun zama murya ɗaya, kuma ba mu da hanyar da za mu sake warware su.

Tazyinul Waraƙati kuwa ya saɓa. Malam Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na Larabci ne, yana bayyana dalilin yin kowace, saboda haka murya ɗaya ce tun asali kuma ba ta ɓoye hakan ba. A cikinsa ne ya ba da labarin yadda zuciyarsa ta ƙi abin da ya gani na neman mulki da tara dukiya a tsakanin wasu daga cikin jama'a, har ya bar runduna ya fuskanci gabas, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami ya kuma karantar da tafsiri kafin ya komo. Bello ma bai ɓoye ɓarnar da wasu mayaƙa suka yi kafin yaƙin Alwasa ba. Amma wanda ya tsaya ga Infaƙ kaɗai ba zai ji zafin wannan ƙorafi yadda mai shi ya furta shi ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuka ma haka.

Shehu da kansa ya san da wannan bambanci. A Najmul Ikhwani, wanda shi ma na shekarun Sifawa ne, ya tattauna mas'alolin da ƙanensa ya tsananta a kansu, kamar kiɗa da tufafin shugabanni da sunayen sarauta, sannan ya yi wa ɗalibai nasiha su karanta littattafan Abdullahi da na Bello da nasa, yana bayyana inda kowanne ya fi karkata. Wannan adalci ne babba. Sai dai abin tambaya shi ne, me ya sa muryoyi uku suka iso gare mu da ƙarfinsu? Domin su ukun kowanne yana da alƙalami, da ɗalibai, da masu kwafe littattafansa, da zuriyar da ta riƙe mulki ta adana su. Gayyar jihadi kuwa ba mutum uku suka yi ta ba.

Muryar da ta zo ta hannun abokin husuma

Malam Abdussalami Ba'are ne, almajirin Shehu, shugaban jama'ar Gimbana. Harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a ƙarshen 1803 yana cikin manyan dalilan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Ke nan yana cikin waɗanda suka fara sara a gonar. Bayan rabon ƙasa ya ga kasonsa bai kai guminsa ba, ya kuma yi zargin ana zalunci. Shehu yana raye aka zaunar da shi a Kware. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a 1232/1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai saɓani ya fito fili har ya kai ga yaƙi, aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Ragowar mutanensa suka tare a Kalambaina, inda daga baya Bello ya kawo wa Malam Abdullahi ɗauki, abin da ya zama sanadin sulhun baffa da ɗa bayan ɓacin ran da ya biyo bayan naɗin.

Daga ina muka san hujjojin Abdussalami? Daga Sardul Kalami, littafin da Bello ya rubuta a kan abin da ya gudana tsakaninsu. Wajibi ne a yaba wa Sarkin Musulmi Bello a nan, domin ya kawo wasiƙun abokin husumarsa da ƙorafinsa, kamar yadda ya kawo na Alkanemi a Infaƙ duk da kaifin zargin da ke cikinsu. Sarakuna da yawa da ƙonawa za su yi. Amma duk da haka shi ya zaɓi abin da zai shiga, shi ya jera, shi ya yi raddi, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Daga nan labarin ya bazu: malamai suka kwafa, marubutan baya suka ɗauko, aka fassara shi da Hausa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a Zariya a farkon shekarun 1930, ɗalibai suka zuba shi a kundayen digiri. Ɗalibin yau zai tarar da labarin a wurare masu yawa ya ɗauka ya sami tawaturi.

Malaman hadisi sun riga sun toshe wannan kafa. Sharuɗɗan tawaturi, kamar yadda Ibnu Hajar ya tsara su a Nuzhatun Nazari, ba yawa kaɗai ba ne. Dole yawan ya tabbata a kowane mataki na isnadi tun daga tushe, ya kasance al'ada ta kore yiwuwar haɗa baki, kuma tushen ya zama gani ko ji. Idan hanyoyi ɗari suka koma ga mutum ɗaya, wanda suke kira madarul isnadi, to labarin na mutum ɗaya ne komai yawan masu maimaita shi. Amincin Bello da iliminsa ba abin shakka ba ne a wurinmu. Maganar ita ce shi ne madarin wannan labari, kuma shi ɓangare ne a cikin rigimar.

A nan ne bambancin da Alƙarafi ya buɗe littafinsa Alfuruƙ da shi yake da amfani, wato bambanci tsakanin riwaya da shaida. Riwaya tana ɗauke da hukunci na gama-gari wanda bai keɓanci wani mutum ba, shi ya sa ba a tsananta a kanta ta fuskar ƙiyayya ko kusanci. Shaida kuwa a kan wani ayyanannen mutum take sauka, saboda haka fiƙihun Malikiyya, tun daga Risala da kowane almajiri ya sani, bai karɓi shaidar abokin husuma ba ko da adali ne. Tarihin rigima, a ganina, ya fi kusa da shaida, musamman idan abin da ake yanke wa hukunci shi ne imanin mutum da jininsa da 'yancin iyalinsa. Mas'alar Abdussalami ta rataya ne a kan jiɓintar kafirai, ko tana fitar da Musulmi daga addini ko kuwa saɓo ce babba. Malam Abdullahi ya fi taka-tsantsan a kan kafirtawa da wannan dalili, kamar yadda ya bayyana a Liya'us Sulɗani. Mai karantar da wannan babi ba tare da ya faɗa wa ɗalibansa cewa bayanin abin da ya faru daga ɓangare ɗaya ya zo ba, kuma manyan jama'ar ma sun saɓa a kan asalin hukuncin, ya rage musu wani abu da suke da haƙƙin sani. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a zamanin da matasa ke ɗauko irin waɗannan nassoshi su ɗora su a kan maƙwabtansu.

Rumbun gidan Waziri

Bayan rasuwar Bello a 1837, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da matarsa Nana Asma'u suka duƙufa a kan tattara abin da ya warwatse na tarihin jama'a. Raulul Jinani na Giɗaɗo ya fi Infaƙ kusa da ruhin isnadi ta wata fuska, domin ya kula da sunayen mutanen da suka kewaye Shehu, har da marubutansa da ladanansa. Ba don shi ba da yawancinsu sun ɓace. Amma ko a wannan gida mai kula, suna babba yakan haɗiye ƙanana. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda jama'a ke kira waƙar Shehu kawai, hannu uku ne a cikinta: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Mai rera ta a yau da wuya ya san layin da ya fito daga wane.

Wannan gida ne ya zama babban rumbun daula. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, a gidan Waziri Buhari suka tarar da tarin wasiƙun da Backwell ya fassara ya buga a 1927. Waziri Junaidu (1906–1997), wanda jikan wannan zuriya ne, ya rubuta Tarihin Fulani da Labɗul Multaƙaɗati, sunan na biyun ma kansa yana nuna aikin tsince-tsince ne daga labarai warwatsattsu. A gabansa Murray Last ya zauna a farkon shekarun 1960, kuma littafinsa a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, ya ba ofishin Waziri kaso mai tsoka. Littafi ne mai daraja, har yau ba a daina komawa gare shi ba. Amma hangen daula ne daga zauren Waziri. S. A. Balogun ya yi kundin digiri a kan Gwandu a Ibadan a 1970, M. B. Alƙali ya yi nasa a kan Kabi a Zariya a 1969, sai dai ba su sami yaɗuwar da littafin Last ya samu ba. Haka Boɗinga, wadda ta kasance mazaunin mai kula da rabin daula, ta koma layi ɗaya ko biyu a yawancin littattafai.

A wannan zamani ne aka yi gayya mafi girma ta tara rubutun hannu. W. E. N. Kensdale na ɗakin karatun Ibadan ya fitar da fihirisarsa tsakanin 1955 da 1958. A 1964 aka kafa cibiyar adana takardun Larabci a Ibadan, shirin binciken tarihin Arewa kuma ya kankama a Zariya. Masu bincike suka bi gari gari, malamai suka kwance gafakokinsu suka ba da aron abin da suka gada, aka ɗauki hotonsa ko aka saya. Ƙarshen wannan ƙoƙari shi ne juzu'i na biyu na babbar fihirisar John Hunwick da abokan aikinsa, wadda aka buga a Leiden a 1995. Babu manazarcin da zai raina ta. Amma wanda ya buɗe ta zai ga sunan marubuci, da sunan ɗakin ajiya, da lambar ajiya. Malamin ƙauyen da kakansa ya kwafi littafin da hannunsa, ya tsare shi daga gara da gobara da ɗigon damina shekara ɗari, ba shi ne abin da tsarin ya tanadar wa gurbi ba. Kuma kuɗin littafin ya fi ƙarfin aljihunsa, harshensa ma ba nasa ba ne. Abin mamaki shi ne tsohuwar al'adarmu ta fi wannan kula, domin mai kwafi yakan rufe aikinsa da sunansa, wani lokaci da sunan wanda ya yi wa kwafin, yana roƙon addu'a. Wannan ɗan layi isnadi ne, kuma shi ne abu na farko da ke faɗuwa idan aka buga littafin da inji.

Wanda ya miƙe hanya daga Boɗinga ya yi kudu zai iske Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari (1925–2018), Turakin Sakkwato. Shi ma ya sa hannu a wannan aiki, domin a 1978 shi da Jean Boyd sun fitar da ɗan littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu, shekara ɗaya kafin ya zama shugaban ƙasa. Littafi ne na tarbiyya, an yi shi da kyakkyawar niyya don a nuna wa masu mulki abin koyi, kuma a wannan matsayi ya kamata a karanta shi, ba a matsayin binciken rigingimun cikin gida ba. Abin da ya ja hankalina shi ne marubucin ya yi karatun elementare a Yabo, garin Muhammadu Moyijo wanda ya tallafi jama'a a farkon jihadi, ya kuma koyar a Argungu, inda Kabawa ke ba da labarin yaƙe-yaƙen nan ta wata fuska dabam. Haka Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suke da nasu. Waɗannan riwayoyi ba su fi na Sakkwato tsarki daga son rai ba, su ma fadawa da makaɗa ne suka riƙe su. Ibnu Haldun ya lissafa ɓangaranci da neman kusanci ga masu mulki a cikin manyan sabubban shigar ƙarya cikin tarihi, kuma wannan ciwo bai san gari ba. Amfaninsu shi ne hanyoyi ne masu zaman kansu, ba su koma ga madari ɗaya ba. Yusufu Bala Usman ya nuna abin da za a iya samu daga haɗa irin waɗannan hanyoyi a littafinsa kan Katsina na 1981.

Gayyar waya

Sabuwar gayya ta gaji duk waɗannan matsaloli, ta ƙara da nata. Akwai hotunan da ke yawo a intanet da sunan Shehu Usmanu, dubban mutane sun tura wa dubbai, alhali Shehu ya rasu a 1817, fiye da shekara ashirin kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya a 1839. Wannan shi ne yawa marar tushe. Akwai kuma maganganun da ake rataya wa Shehu ko Malam Abdullahi ba tare da sunan littafi ba, kowane ɓangare na masu saɓanin yau yana neman ya ja su zuwa sahunsa. Mai rumbu bai ɓace ba, fuska ya sauya. Shi ne mai kula da zauren da ke iya goge saƙo ko korar mai shi, shi ne editan da ya fi kowa lokaci da kuɗin data, shi ne kamfanin da na'urarsa ke ɗaga abin da ya fi tada ƙura. Bambancinsa da Bello shi ne Bello ya sa sunansa a kan littafinsa, ya kuma bar mana maganar abokin husumarsa.

Wikipedia tana da ƙa'idar cewa sai abin da aka riga aka buga a majiya abin dogaro. Ƙa'idar tana kare ta daga ƙage, amma a ƙasa irin tamu tana nufin riwayar da ta riga ta sami injin bugawa ita za ta sake yin nasara, dattijon Sifawa ko na Yabo da ya ji daga kakansa kuwa ba shi da ƙofar shiga.

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Ba a kwatanta Alƙur'ani da littafin tarihi, domin Allah Ya ɗauki alkawarin tsare shi, amma hanyar da sahabbai suka bi darasi ce. Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) mahaddaci ne, duk da haka da Sayyidina Abubakar (R.A.) ya ɗora masa aikin tarawa bai dogara da haddarsa kaɗai ba, sai da ya bi rubuce-rubucen da ke hannun mutane. Riwayar Buhari ta adana har sunan Abu Huzaima Al'ansari, wanda a wurinsa aka sami ƙarshen Suratut Tauba a rubuce. Da aka zo zamanin Sayyidina Usmanu (R.A.), rashin jin daɗin Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) game da yadda aka tsara aikin bai sa an share shi daga littattafai ba, malamai sun riwaito shi sun kuma tattauna shi. An san mai tarawa, an san sharaɗinsa, an ambaci mai kawowa, an adana maganar mai ƙorafi.

Sassan nazarin addini da na tarihi da ke tura ɗalibai neman bayanai a ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari suna iya ɗaukar waɗannan abubuwa huɗu a matsayin sharaɗin karɓar kundi. Duk takardar da aka ɗauki hotonta a ɗauki shafinta na ƙarshe, a rubuta gidan da take da izinin masu ita, a mayar musu da kwafi mai kyau tare da abin da aka rubuta a kanta cikin harshen da suke karantawa. Duk labarin baka a tambayi mai shi daga wa ya ji, domin sau da yawa za a tarar daga rediyo ne ko daga littafin makaranta, wato Infaƙ ne ya zagayo ya dawo ta baki. Hanyar da ta ratsa Boɗinga da Shagari kuwa, idan aka ci gaba da binta ta Tambuwal, tana kaiwa Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan an yi sulhu. Ɗalibin da ya isa can ya rubuta abin da aka faɗa masa yadda aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa da wanda shi ya ji daga gare shi, ya ajiye shi kusa da Sardul Kalami ba tare da ya gyara ɗaya don ya dace da ɗaya ba.